Dagaci Mai Ruwan Sama

Ruwan da ke sauka a gonarka, na wane ne? Dagacinmu ya ji a rediyo cewa tururin tafki ne ke zama hadari, sai ya tara manoma.

"Tafkin nawa ne, don haka ruwan sama nawa ne. Kowa ya kawo rabin geronsa."

Gwaggo Ladidi ta durƙusa. "Ranka ya daɗe, kowane ɗigo?"

"Kowane ɗigo."

"Madalla. Dama muna cigiyar mai ruwan da ya rushe ɗakuna ashirin bana, har da nawa. Yaushe za ka turo magina?"

Dagaci ya gyara zama. "Haba Gwaggo, ruwa ai na Allah ne."

Gero dai ya tsira. Don Allah ku zo ku taya Gwaggo kwaɓa ƙasa, maginan dagaci shiru har yau.