Barewar da Aka Rantse a Kanta

An yi wani mutum, ya 'yan'uwa, kafinta ne kuma maharbi. Ba zan faɗi sunansa ba, domin 'ya'yansa suna nan da ransu. Kwana shida yana shagonsa tsakanin zarto da guduma, yana haɗa ƙofofi da kujeru. Rana ta bakwai sai ya saɓi bindiga ya bi abokansa daji. Duk cikinsu babu mai hannunsa. Harbi-ɗaya suke ce masa, har sunan ya bi shi gida, matarsa ma da shi take tsokanarsa.

Ba mugun mutum ba ne. In ya samo nama, maƙwabta ke fara ci kafin gidansa. Sahun gaba ba ya wuce shi a masallaci. Ku riƙe wannan, don kada wani ya ce labarin ba nasa ba ne.

Da shekaru suka fara ja, idonsa ya soma yin hazo. Bai faɗa wa kowa ba. A shago yakan ja layi da fensir a kan katako, sai ya kai fuska dab da shi kafin ya gani. A daji kuwa ya yi wata biyar bai kayar da ko zomo ba. Abokai suka fara zolaya, wai Harbi-ɗaya ya koma Harbi-goma. Yakan yi dariya tare da su, amma in ya dawo gida abinci ba ya wuce masa.

Cikin abokan farautar akwai ƙanen matarsa, makanike ne, magidanci mai 'ya'ya uku. Kafintan ne ya koya masa riƙon bindiga, kuma kullum kafaɗa da kafaɗa suke tafiya.

Wata safiya barewa ta fito daga ciyawa a bakin rafi. Su biyun suka harba kusan lokaci guda, ta yi tsalle ɗaya ta faɗi. Suna tafiya wajenta, kafinta ya gifta wata bishiya da ke daidai inda ya auna. Ya shafa jikin bishiyar, ya ji sabon rami, ɓawon ya tsage, danshi na fita. Wanda ya shekara talatin yana taɓa itace ba ya bukatar ido kafin ya gane sabon rauni. Nan take ya san inda harsashinsa ya tsaya.

A jikin barewar kuma rauni ɗaya ne tak.

Makanike ya durƙusa yana murmushi, ya ce, "Yaya, yau kam tawa ce. A bayan kafaɗa na auna, ga shi nan."

Kafinta ya ce, "Taka? Kai da ni na nuna wa yadda ake rufe ido ɗaya?"

Ƙanen ya ɗauka wasan da suka saba ne, sai da ya ɗago ya ga fuskar ba wasa. Sauran maharba suka taru. Magana ta yi tsawo, wannan ya ce ƙarar ta farko daga dama ya ji ta, wancan ya ce daga hagu. Dattijon cikinsu ya gaji, ya ce to wanda yake da tabbas ya rantse.

Makanike ya ce, "Baba, ni ba zan rantse a kan nama ba."

Kafinta ya dubi mutanen da suka yi wata biyar suna yi masa dariya. Ya ɗaga hannu ya rantse da Allah cewa harsashinsa ne ya kayar da ita.

Ya 'yan'uwa, me ya saya da wannan rantsuwa? Nama ne? Yana da abin da zai ci a gidansa. Tsoro ne kawai ya kama shi, tsoron a ce Harbi-ɗaya ya ƙare. Wane ne a cikinmu bai san irin wannan tsoron ba?

Aka ɗora masa barewa, aka raka shi da kirari. Aka bi makanike da maganganu, wai butulu ne, yana son ƙwace wa wanda ya koya masa. Matar kafinta ta yarda da mijinta, ta je har gareji ta wanke ƙanenta tas a gaban masu kawo gyara.  Shi kuwa makanike ya daina zuwa gidan, ya daina zuwa farauta.

Ƙofar gyara a buɗe take. Kalma uku ce: "Na yi ƙarya." Sau biyu kafinta yana isa bakin garejin, ya hango ƙafafun ƙanen matarsa a ƙarƙashin mota, sai ya juya. Yakan ce gobe.

Abin da bai lura da shi ba shi ne, tun da idonsa ya soma hazo, makaniken ne idonsa a daji. Shi ke raɗa masa, "Yaya, duba hagu," ko ya dafa masa hannu ya ce, "Dakata, saniya ce." Yanzu babu mai raɗa masa. Kuma tun da ya rantse, dole ya ci gaba da zama Harbi-ɗaya. Sai ya fara fita shi kaɗai, don kada kowa ya ga kuskurensa.

Wata rana da hantsi ciyawa ta motsa a gabansa, ya ga wani abu ja-ja ya sunkuya. Ya harba. Abin da ya ji ba kukan dabba ba ne. Wani bawan Allah ne yake yankar wa awakinsa ciyawa.

Kafinta ya yar da bindiga, ya goya mutumin har bakin titi, jini na bin bayansa, yana kuka yana salati. An ceci ran mutumin, amma sai da aka yanke ƙafar. A kotu likita ya shaida cewa daga taku ashirin kafintan ba ya bambance mutum da dabba. Aka yanke masa shekara huɗu. Shago ya rufu, kayan aiki suka yi tsatsa, waɗanda suka raka shi da kirari suka ce dama sun lura.

Wa ya riƙe masa gida? Makaniken nan. Shi ya ciyar da yayarsa da 'ya'yanta, shi ya fara kai masa ziyara gidan yari. Suna zaune, tebur a tsakaninsu, kafinta ya sunkuyar da kai ya ce, "Barewar nan taka ce."

Ƙanen ya ce, "Na sani, Yaya. Idonka ma na sani tun kafin ranar. Da ka ja ni gefe ka ce in bar maka, wallahi da na bar maka, kuma babu mai ji."

Kafinta ya kifa fuskarsa a kan teburin, har lokacin ziyara ya ƙare bai ɗago ba.

Ya fito daga gidan yari idon ya tafi gaba ɗaya. Wurin da ya fara cewa a kai shi shi ne gidan mai awakin. Mutumin ya ce ya yafe. Amma har yau da sanda yake tafiya.

Ya 'yan'uwa, kada mu yi wa kafintan nan dariya. Rauninsa ba laifi ba ne, kowa idonsa zai tsufa, kowa hannunsa zai yi rawa. Laifin shi ne ya ɗauki sunan Allah ya rufe rauninsa da shi, ya ɗora ƙaryarsa a wuyan wanda ya fi kowa ƙaunarsa. Rantsuwar ƙarya ba ta tsayawa a kan wanda ya yi ta. Ta raba mace da ƙanenta, ta kai har ga mutumin da bai san an yi gardama ba.

In akwai wanda ka zalunta kana ta cewa gobe, ka je yau, tun abin yana tsakaninku ku biyu.

Allah ya ba mu ƙarfin faɗin gaskiya a ranar da take da nauyi. Ya karɓi tuban wannan bawa nasa, ya saka wa wanda ya rasa ƙafarsa da alheri. Allah ya kiyaye mu da harsunanmu. Amin.