Allurar da Uwar Zumunta Ta Hana

Akwai wata tela, shugabar zumuntar mata a cocinsu, kowa Uwar Zumunta yake ce mata. Mace ce mai tsoron Allah, amma in ta kafe a kan magana, ko fasto sai ya lallaɓa ta.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wata nas 'yar cocin ta roƙi iyaye mata su ɗan dakata. Ta ce an kawo allurar rigakafin ciwon dajin bakin mahaifa, ana yi wa 'yan mata tun kafin su san namiji, domin ta hanyar saduwa ake ɗaukar ƙwayar cutar da ke jawo shi.

Uwar Zumunta ta miƙe tana gyara ɗankwali. "Wato mu ce wa yaranmu ƙofa a buɗe take, su je su sheƙe ayarsu? Rigakafinmu kamun kai ne. Wannan allura ta 'yan iska ce!"

Nas ta ce, "Mama, ni ma kamun kai nake koya wa nawa. Amma yarinya tana iya tsare kanta, cutar ta iske ta a ɗakin aurenta."

"To ki kai naki. Autata ba ta buƙata."

Mata suka yi ta tafi. Kaɗan ne suka kai 'ya'yansu, su ma a ɓoye.

Auta ta girma tsakanin keken ɗinkin uwarta da ƙungiyar mawaƙa, ba a taɓa jin ta da kowa ba. Ta auri mai kaɗa jita na cocin, mutumin kirki, wanda ya sha yawon duniya kafin ya tuba. Suka haifi yara biyu.

Sai jini ya fara zuwar mata ba lokacinsa ba. Kunya ta hana ta faɗa. Ta dinga kwasar ƙyallaye a shagon uwarta tana tarewa, har ranar da ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu.

Likita ya ce dajin bakin mahaifa ne, kuma ya riga ya yaɗu.

Labari ya kai coci. Matan zumunta suka fara raɗa: "Ashe ruwa ba ya tsami banza. Ai Mama da bakinta ta gaya mana masu irin wannan ciwo." Masu zuwa dubiya suka ɗauke ƙafa. Nas ɗin nan ce take shigowa bayan ta tashi aiki, ta juya Auta, ta canza mata zanin gado, ba ta taɓa tayar da tsohuwar magana ba.

Mijin kuwa yana zaune a barandar asibiti, ya haɗa kai da gwiwa. Ya ce wa surukarsa, "Mama, ban san ina ɗauke da ƙwayar cutar ba."

Ranar ƙarshe Auta ta riƙo hannun uwarta, murya da ƙyar take fita. "Mama, na ji abin da suke faɗa. Ki gaya musu ban taɓa sanin kowa ba sai mijina."

Uwar Zumunta ta gaya musu a bakin kabari, tana kuka. Wasu suka yarda, wasu suka sunkuyar da kai kawai.

Darasi: Kamun kai umarnin Allah ne, amma rigakafi ba lasisin zunubi ba ne, kuma ciwo ba shaidar lalata ba ne. Kafin ki hana 'yarki kariya, ki tambayi masu sani. Ku tura wa iyayen da kuka sani, wataƙila a ceci ran wata.