Kwalbar Da Aka Ƙi Karɓa

Akwai wani dattijo mai gyaran agogo da mantuwa ta sako shi gaba. Yau ya kira jikarsa da sunan uwarta, gobe ya ɓace a hanyar shagonsa. 'Ya'yansa suka yanke shawara: in ciwon mantuwar nan ne da ba ya warkewa, a rufe shagon, Baba ya zauna gida.

Likita ya ce sai an ɗebi ruwan ƙashin bayansa an gwada. Aka sa allura, Baba ya cije, aka ɗiba. Babban ɗansa, mutum mai ji da kansa, ya kai kwalbar ɗakin gwaji.

Matar da ke gwajin ta ɗaga kwalbar, ta ajiye.

"Ba zan gwada wannan ba. Sai an sake ɗiba."

"Me kika ce?"

"A gilashi aka zuba. Sinadarin da muke aunawa mannewa yake yi a jikin gilashi, sai ya ragu. In ya ragu, takarda za ta iya cewa Baba na da ciwon alhali ba shi da shi. Akwai robar da aka tanada don wannan."

Jama'a, sai mutumin nan ya kama da wuta.

"Ke mai wankin kwalabe ce za ki ce a sake huda min uba? Bayan nasa tayar keke ce?"

"Yallaɓai, ka kai ƙarata duk inda ka ga dama. Ba zan sa hannu a kan ƙarya ba."

Ya kuwa kai. Shugabanta ya ce ta ba da haƙuri ta gwada kawai, a huta. Ta ce haƙuri ga shi nan, gwaji ne dai babu.

Ashe Baba ya biyo ɗansa, yana zaune a benci yana ji. Ya ɗago ya dubi ɗansa.

"Kai, rufe mana baki. Shekara arba'in ban taɓa miƙa wa mutum agogon da ke ƙarya ba. A sake."

Bayan mako guda aka sake. Gwaji bai nuna alamar ciwon ba. Likita ya koma bincike, ashe maganin barci da wasu ƙwayoyin da Baba ke haɗawa ne suke dagula masa kai. Aka canza. Ban ce ya koma saurayi ba, amma wata biyu bayan haka shi ya buɗe shagonsa da kansa.

Babban ɗa ya dawo ɗakin gwaji yana sosa ƙeya.

"Baiwar Allah, na zo ne in ce..."

"Na sani. Matsa gefe, akwai layi a bayanka."

Darasi: Ihu ba ya gyara abin da aka ɓata, kuma wanda ya ƙi biye maka a kan ƙarya ba maƙiyinka ba ne. Kafin ka raina ma'aikaci, tsaya ka ji dalilinsa. Ku tura wa masu saurin hawa irina.