Mujiyar Kafinta da Mujiyar Tela

Akwai wani kafinta da ya hau rufin shagonsa gyaran kwano, sai ya tarar da 'ya'yan mujiya biyu, farare fat kamar auduga, uwarsu ta mutu a gefe. Maƙwabcinsa tela ya ce yana son ɗaya, suka raba a kan in sun girma za a sake su.

Kafintan nan akwai shegen tambaya. Sai da ya je wajen likitan dabbobi ya ji me suke ci, yaushe fukafukansu ke ƙwari.

Likita ya ce, "Abu ɗaya zan roƙe ka. Kada ta san fuskarka."

Kafinta ya ƙera mata babban akwati mai 'yar taga. Ta nan yake miƙa nama, hannunsa cikin tsohuwar safa. Ta hujin ƙusa yake leƙenta, yana mamakin yadda take juya kai har baya. Da ta tasa, ya fara sakar mata ɓera da rai ta kama da kanta.

Ta tela kuwa a kafaɗarsa take wuni. Yana taka keke tana bin allura da ido. Har suna ya raɗa mata, 'Yar Lele.

"Malam, kai wane irin uba ne?" in ji tela. "Kai da 'yarka ko gaisuwa babu!"

"Ni ma hannuna ƙaiƙayi yake in shafa ta," kafinta ya ce. "Daurewa kawai nake."

Bayan wata uku suka kai su bakin daji da yamma. Ta kafinta tana ganin mutane ta firgita, tashi ɗaya ta shige cikin itatuwa, ko waiwaye babu. Gaskiya abin ya sosa masa rai.

Ta tela ta yi zagaye ɗaya, ta hango wani manomi yana komawa gida, ta dira a kansa tana buɗe baki a ba ta abinci. Mutumin ya kurma ihu, ya ɗaga fartanya. Da ƙyar tela ya riƙe masa hannu.

A hanyar dawowa tela ya sa ta cikin rigarsa. Da suka iso ƙofar shago ya ce, "Malam, ka ƙera mini keji babba. Wannan ita da daji har abada, kuma ni na ja mata."

Darasi: In kana renon wani, ka koya masa rayuwa ba tare da kai ba, ko da zai tafi bai waiwaye ka ba. Ku tura wa duk mai reno ya karanta.