Shayin Da Ya Hana Abu Nawwaf Sauka Rumbun Jirgi

Akwai wani attajirin hatsi a nan Jidda da ake kira Abu Nawwaf. Mutumin kirki ne, amma Allah ya zuba masa gaggawa. Ko gaisuwa yake yi da kai, rabin jikinsa ya riga ya yi gaba.

Ana gab da azumi jirgin ruwan da ya ɗauko masa shufan, hatsin nan da Turawa ke kira oats, ya iso. Kun dai san mu, in babu miyar shufan a kan tabarma, kamar ba a sha ruwa ba. Masu shaguna kuwa sun hana shi sakat.

Shi kuma yana da al'adar da ya gada wajen mahaifinsa: ba a sauke masa hatsi sai ya shiga rumbun jirgin da ƙafarsa, ya cusa hannu har gwiwa, ya sansana.

Yana hawa jirgin ya nufi tsanin da ke gangarawa rumbu. Kyaftin Rif'at, wani Bamasare mai sanyin hali, ya sha gabansa.

"Baffa, sannu da zuwa. Bismillah, shayi na kan wuta."

"Shayi na zo sha? Matsa in ga kayana."

"Yanzu muka soma ɗaga murfi, Baffa. Tun da aka yi lodi rumbun ke rufe da maganin ƙwari, hatsin ma ya shanye iskar ciki. Sai ya sha iska mun auna tukuna."

Abu Nawwaf ya yi tsaki. "Ina shiga rumbu tun kana tsotson yatsa! Ko dai ruwa ya taɓa min kaya kake ɓoyewa?"

Wannan magana ta yi zafi, a gaban ma'aikata kuma. Ni da ni ne, wallahi da na matsa masa. Kyaftin ya haɗiye, ya yi murmushi.

"Zage ni son ranka, Baffa. Amma ka tako gidana, ka ƙi shayina? Me za a ce a Jidda?"

Nan ya kama shi. Abu Nawwaf zai iya zagin mutum, amma ba zai iya mayar da kofin mai masauki ba. Ya zauna yana huci, ya shanye a kurɓa biyu, ya miƙe. Kyaftin ya sake cikawa.

"Ku Misirawa," in ji Abu Nawwaf, "da surutu da shayi za ku kashe mutum."

"Wannan na mahaifinka ne, Allah ya jiƙansa. Za ka ƙi?"

Ya koma ya zauna.

Suna haka sai tattabarun tashar suka hango hatsi ta inda aka ɗaga murfi. Wasu suka faɗa ciki. Abu Nawwaf ya taso da kofi a hannu yana kururuwar a kore su, ya leƙa.

Tattabarun na kwance a kan hatsin. Ɗaya ta ɗan motsa fiffike, ta daina. Babu wadda ta tashi.

Ya dubi tsanin da ya so bi, ya zauna daɓas a ƙasa.

Can ya lallaɓa ya miƙe, ya kama kan Kyaftin da hannu biyu ya sumbata, a idon ma'aikatan nan da ya zage shi a gabansu. Hawaye na bin gemunsa.

"Ɗana, ka yafe min. Da ka yi zuciya ka matsa, da 'ya'yana sun shiga azumin nan marayu."

Darasi: Wanda ya tare maka hanya don ya tsare ranka, gode masa ko da ranka ya ɓaci. Kai kuma da ka san akwai haɗari, kada zagi ya sa ka matsa. Ku tura wa duk mai gaggawar da kuke ƙauna.