Gudumar Nomau da Hatsin Tsofaffi

Goggona Tabawa ce ta fara ba ni wannan labari muna sussukar gero, kuma har yau in na tuna shi raina ɓaci yake.

Wai an yi wani sarki, shekarar yunwa ta same shi, ya buɗe rumbunansa, amma ya ce mai motsi kaɗai za a auna wa. Tsofaffin da ke zaune a gindin bango, wai ba su da amfani. Ji rashin kunya! Kwana uku ba su ga ƙwaya ba.

Sai wani tsohon maƙeri, Nomau, ya dogara sanda ya je fada da guduma da ƙunshin gawayin ƙirya. Ya yi gaisuwa, ya zube gawayin, ya ce, "Ya sarki, wannan yana aiki?"

Sarki ya ce, "Baƙin abu a kwance, aikin me?"

Nomau ya ɗaga guduma sama, ya tsayar da ita. "Wannan fa?"

"Ita ma a tsaye take."

"To, Allah ya ba ka nasara, miƙo ƙafarka ƙarƙashinta."

Sarki ya janye ƙafa cikin riga.

"Me kake tsoro, abin da ba ya motsi?"

Nomau ya sake ta a kan ƙwallon goruba, ya tarwatse. Ya sa aka hura gawayin, aka ɗora tukunya, ba a jima ba murfi ya kama tsalle.

Ya ce, "Ya sarki, ƙarfin guduma hannuna ne ya ajiye mata a sama, da ta faɗo ya zama motsi. Na gawayi kuwa, ƙirya ta shekara arba'in tana shan rana tana ajiyewa, yau wuta ta fito da shi. To rijiyar da kake sha, da rumbun da kake rowa da shi, ƙarfin wa ke kwance a ciki?"

Sarki ya sunkuyar da kai, ya fara auna wa tsofaffi, da hannunsa. Ya ce, "Adalci ya auna abin da mutum ya ajiye, kada ya tsaya ga ƙurar da yake tayarwa."

Ni dai da gari ya waye, kokona na ɗauka ban ko kurɓa ba, na kai wa Baba Audi, tsohon mai haƙar rijiya da muke tsokana da suna kututture. Na durƙusa har ya shanye.