Tabon Hannun Malam Yahuza

Akwai wani manomin rake a Nasarawan Doya, sunansa Malam Yahuza. Mutum ne mai gaggawa, ko shayi a tsaye yake sha.

Ciwon ƙirji ya matsa masa, har ya kasa kaiwa gona sai ya huta a hanya. A asibiti likita ya ce hanyoyin jini uku na zuciyarsa sun toshe, sai an yi masa sababbi da jijiyoyin jikinsa.

"Za mu ɗauki ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙafa, ɗaya a hannun hagu," in ji likita. "Ta ƙirji da ta hannu sun saba da ƙarfin jini, yawanci sun fi ta ƙafa daɗewa."

Malam Yahuza ya miƙe zumbur. "Hannuna? Da me zan riƙe rake? Ku kwashe duka a ƙafa, a gama!"

Matarsa Hajo ta jawo rigarsa. "Malam, ka tuna ɗakin hatsinmu? Aka ce ka jira azarar giginya, ka ce ba ka da lokaci, ka rufa da itacen da ka samu. Gara ta cinye, rufin ya rufto kan masara. Wancan ɗaki ne. Wannan kai ne, kuma 'yarmu Farida ko makaranta ba ta shiga ba."

Ya yi ta kai da komowa a baranda yana tsaki. Daga ƙarshe ya yarda.

Jinyar ta fi aikin tiyatar ba shi wuya. Yana zaune hannu a naɗe, yana jin motocin rake suna wucewa, kamar ya yi kuka.

Shekaru suka shuɗe. Farida ta yi aure har ta haihu, sai ƙirjin ya sake ɗan yi masa nauyi. Hankalin gidan ya tashi, aka koma asibiti.

Likita ya duba hoton ya ce, "Ta ƙafa ta toshe, Baba. Ta ƙirji da ta hannu suna nan garau, su ne suke riƙe da kai. Magani ya isa."

Malam Yahuza ya daɗe yana kallon tabon hannunsa. Da suka dawo gida, da wannan hannun ya karɓi jikarsa, kuma ya zauna.

Darasi: Kada gaggawar yau ta sa ka zaɓi abin da ba zai kai ka gobe ba. Ka saurari likita, ka saurari mai ƙaunarka. Ku tura wa wani mai gaggawa da kuka sani.